Wai meye ɗan gilashin nan da ake ɗora wa tsohuwar kyamara a ka?

Tun da harkar hoton fim ta fara dawowa, musamman bayan Leica ta sake fito da M6 a 2022, Pentax ma ta yi sabuwar kyamarar fim a 2024, sai hotunan tsofaffin kyamarori suka cika Instagram da TikTok, kuma tambayar da nake yawan ji daga mutanenmu ita ce wai meye wancan ɗan abun da ke zaune a saman kyamarar kamar an ɗora mata murfin kwalba. Wani ya ce filasha ce, wani ya ce zum ne, wani ma cewa ya yi gayu ne kawai na masu kuɗi. Masu ɗaukar hoton biki kuma da suka ɗan waye da harkar tasu tambayar daban ce: ta yaya lensin da ya girmi mahaifinka, ga shi ɗan mitsitsi, ga shi ba ya shan haske sosai, zai yi irin wannan tsada, kuma me ya sa in ka samu adafta ka ɗaura shi a Sony ɗinka sai gefen hoton ya koma shanshanbale ya dushe?

Abun mamakin shi ne duka tambayoyin nan amsarsu guda ce, kyamarar ba ta da madubi a cikinta. Daga nan kyan lensin ya fito, daga nan buƙatar gilashin saman ta fito, kuma daga nan matsalarsa da dijital ta fito. Bari mu bi shi a hankali.

Kyamarar da ba ka gani ta cikin lensinta

Kyamarorin da yawancinmu muka taso muka gani a hannun masu hoto, su Nikon da Canon masu ɗan tozo a sama, ana ce musu SLR. A cikinsu akwai madubi a karkace bayan lensi, haske ya shigo ya bugi madubin ya hau sama ya zo idonka, wato abin da lensi ya gani shi ka gani. Kana danna maɓalli madubin ya ɗaga, haske ya wuce kan fim, shi ne ƙarar "kas" ɗin nan.

Ita kuwa wadda muke magana a kai, renjifainda, ba haka take ba. Lensi na can yana kallon gabansa, kai kuma kana leƙe ta wata 'yar taga daban a gefe. Turawa na ce wa tagar biyufainda, ni dai maleƙa zan rinƙa ce mata don ya fi daɗin faɗa. Sunan renjifainda kuma ma'anarsa ma'aunin nisa, don kyamarar na da tagogi biyu a gaba da ɗan tazara tsakaninsu, kowacce na kallon abu daga inda take, sai ka ga abun ya rabu biyu a tsakiyar maleƙa, kana juya zoben lensi hotunan biyu na matsowa kusa da juna, da sun hau kan juna sun zama ɗaya to fokas ya zauna. Irin lissafin da idanunka biyu ke yi ne ba tare da ka sani ba.

Oskar Barnack na kamfanin Leitz a garin Wetzlar na Jamus shi ya ƙirƙiro Leica, ta shiga kasuwa a 1925, da hoto mai girman milimita 24 da 36 a kan fim ɗin silima. A 1932 Leica II ta zo da ma'aunin nisa a jikinta, a shekarar kuma Zeiss Ikon ta Dresden ta fito da kishiyarta Contax. To amma ga inda gizo ke saƙa, maleƙar da ke jikin waɗannan kyamarori an yi ta ne don lensi guda, mai milimita 50. Ita ba ta san ka canza lensi ba. Ko me ka ɗaura, abin da za ta nuna maka kenan.

Milimita da faɗin gani

Lambar da ake rubutawa a jikin lensi, 50 ko 35 ko 21, in ta yi ƙasa faɗin abin da yake kwasowa ya ƙaru. A kan wannan fim ɗin silima da ake ce wa 35, in aka auna daga kusurwa zuwa kusurwa, mai 50 na ganin kamar digiri 47, mai 35 kamar 63, mai 28 kamar 75, mai 21 ya kai 90 da ɗoriya, mai 15 kuwa 110. A tsofaffin na kafin yaƙin duniya na biyu da na Japan na farko za ka ga an rubuta da santimita, 2.8cm ko 3.5cm, duk abu ɗaya ne.

Kai ma kana amfani da irinsu kullum ba ka sani ba. Babbar kyamarar wayarka daidai take da wajen 24 zuwa 26, shi kuma 0.5 ɗin nan da 'yan mata ke so a wajen biki, a iPhone 11 da ta zo da shi a 2019 daidai yake da 13. Abin da yanzu yake a aljihun kowa, a 1933 mafi faɗin da Zeiss ta iya ba mai Contax shi ne Tessar mai 28, kuma ƙofar haskensa f/8 ce, wato in ba rana tsaka ba sai ka nemi abin dogara kyamara. Leitz ta biyo baya a 1935 da Hektor mai 28 f/6.3. Ita wannan lamba ta f, in ta yi girma hasken da ke shiga ya ragu.

To shi ne aka ɗora mata ido a ka

Ka ɗaura 28 a kyamarar da maleƙarta ta 50 kawai ta sani, kusan kashi biyu cikin uku na abin da zai fito a hoton ba ka ganinsa. Mafita ita ce a yi wa kowane lensi tasa maleƙar, a zura ta a ɗan mazaunin ƙarfen nan na saman kyamara. Wannan mazauni da yanzu kowa ya san shi da wajen sa filasha, asalinsa don irin waɗannan kaya aka yi shi, filasha daga baya ta zo ta gaje wajen.

Maleƙar ba ta ɗaukar hoto, ba ta da waya ko batir, ba ta haɗe da komai a cikin kyamarar. In ka cire ta hoton da zai fito bai canza ba ko kaɗan, kai ne dai za ka koma kana harbi a duhu. A cikinta gilashi ne mai rage girman abu a gaba da mai tattarawa a baya, kamar ka juya abin hangen nesa ka leƙa ta baya, komai ya ƙanƙance amma fili ya buɗe. Irin dabarar ɗan ramin gilashin da ake sawa a ƙofar ɗakin otal.

Masu kyau daga cikinsu suna da wani farin layi mai kusurwa huɗu da za ka gani kamar yana shawagi a iska, shi ne iyakar hotonka, kuma kana ganin abin da ke wajen layin, mutum na tahowa ka gan shi kafin ya shigo. Wannan dabara sunan wani Baholande ta ɗauka, van Albada. Leitz kuma na da wata al'ada mai ban dariya ta ba kayanta sunaye masu harafi biyar don sauƙin yin oda ta tangaraho, shi ya sa har yau za ka ji masu harkar na cewa SBLOO, maleƙar 35 kenan, SLOOZ ta 28, SBKOO ta 21, kai ka ce surkulle suke.

Akwai kuma masu haɗa lensi da yawa a guda. Leitz ta yi VIDOM a shekarun 1930, wadda ke juya maka hagu ta koma dama, ka bi mai keke da kyamara ya yi gabas kai ka yi yamma, sai daga baya VIOOH ta gyara wannan. Zeiss ta yi mai kai kamar bindigar rebolba, ƙananan gilasai a jere kana juyawa, kuma masana'antar KMZ ta Rasha ta kwaikwaye ta da 28, 35, 50, 85 da 135, ita ce wadda aka fi gani a cikin irinsu don tana da yawa kuma ba tsada.

Kamfanonin sun yi ta ƙoƙarin shigar da faɗin cikin jikin kyamara. Leica M3 ta 1954 ta zo da layuka na 50, 90 da 135 amma ba 35, sai suka yi wa lensin 35 wasu gilasai biyu a sama da ke rufe tagogin kyamarar, masu harkar na ce musu tabarau, kuma wallahi kama suke yi. M2 ta kawo 35 a ciki, Nikon SP ta 1957 ta sa wata 'yar taga ta biyu don 28 da 35, ita Leica sai farkon shekarun 1980 da M4-P ta sa layin 28. Ƙasa da 28 kuwa har Leica M ɗin fim na yau sai da maleƙar sama. Dalili shi ne in ka rage girman gani sosai don 21 ta shiga, ma'aunin nisan ya rasa daidaito ga dogayen lensi, ba a cin biyu.

Inda rashin madubi ya zama arziki

Nan ne zuciyar maganar. Lensi mai 21, in aka bar shi a yadda lissafi ya so, dole ya zauna kusa da fim sosai, tsakiyarsa wajen milimita 21 daga fim, gilashinsa na baya kuwa ya fi haka kusa. A Leica M daga bakin da ake ɗaura lensi zuwa fim milimita 27.8 ne kuma ciki fayau yake, lensi na iya zura ƙeyarsa har kusa da labulen shota. A Nikon F tazarar 46.5 ce, kuma madubi na buƙatar duk filin don ya ɗaga ya sauka. In ka zura lensi nan madubi ya mare shi.

Saboda wannan 'yanci masu zanen lensin renjifainda suka yi su kusan daidai wa daida, rabin gaba da rabin baya kamar tagwaye sun juya wa juna baya, ƙofar haske a tsakiya. Amfanin haka shi ne kuskuren da rabin gaba ya yi, rabin baya ya warware shi. Shi ya sa in ka ɗauki gini da irinsu layin bango ke fitowa a miƙe sambal, ba ya yin ciki kamar randa. Ga ƙanƙanta, wasu in an ɗaura su da kyar suke fitowa daga jikin kyamara.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan ilimi daga sama ya sauko, daga hoton jirgi na zanen taswira, inda layi in ya lanƙwashe taswira ta ɓaci. Topogon na Robert Richter a Zeiss, na 1933, don wannan aiki aka yi shi. Mikhail Rusinov a Leningrad shi ma a kan hoton jirgi ya yi aikinsa na Russar. Ludwig Bertele, wanda ya yi Biogon mai 35 f/2.8 na Contax kafin yaƙi, bayan yaƙi ya koma kamfanin Wild a Suwizalan ya yi Aviogon na jirgi, daga shi ne ya fitar wa Zeiss da Biogon mai 21 f/4.5 a 1954, lensin da ya buɗe wa masu ƙaramar kyamara digiri 90. Leitz ba ta da nata a lokacin, sai ta je wajen Schneider ta Kreuznach aka yi mata Super-Angulon mai 21 f/4 a 1958, sannan f/3.4 a 1963.

Me Rusinov ya gano da ya sa ake ambatonsa? Akwai wata doka ta haske da ba a iya kauce mata a lensi na gargajiya, duk yadda ka matsa gefe haske na raguwa da sauri, a digiri 45 daga tsakiya, wato kusurwar hoton lensi mai 21, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken tsakiya ne ke isa. Shi ya sa kusurwoyi ke yin duhu. Rusinov ya sa manyan gilasai masu lotsawa a gaba da baya yadda in ka kalli lensin ta gefe ƙofar hasken kamar tana juyowa tana bin ka tana ƙara girma, hakan ya rage duhun sosai duk da bai kashe shi ba. Biogon na 1954 da Super-Angulon duk a kan wannan tunani suke.

Su kuma masu SLR fa? Pierre Angénieux a Faransa ya fito da Retrofocus mai 35 f/2.5 a 1950, Zeiss ta Jena ma ta yi Flektogon a wajen lokacin. Dabarar ita ce a sa babban gilashi a gaba da zai ture lensin nesa da fim ya bar wa madubi hanya. Ta yi aiki, amma lensin ya yi girma, tagwaitakar ta tafi, layuka suka fara lanƙwasa, kuma sai da aka ɗau shekaru kafin su kamo na renjifainda a wajen masu faɗi sosai. Hujjar da ta fi burge ni ita ce Nikon da kanta, a 1959 da ta fito da F, lensinta mai 2.1cm f/4 sai ka ɗage madubin ka kulle shi a sama kafin ka ɗaura, sannan ka ɗora maleƙa a kai. Wato ka sayi kyamara mai madubi ka kashe madubin.

Ƙarshen wannan hauka shi ne Hologon na Erhard Glatzel, mai 15 f/8, gilashi uku kacal, ba shi ma da zoben rage haske. Zeiss Ikon ta gina masa kyamara tasa a ƙarshen shekarun 1960, da mariƙi a ƙasa kamar na bindiga don kada yatsunka su fito a hoto, da ɗan ma'aunin ruwa irin na magina a maleƙa, da kuma wata filta mai duhu a tsakiya don ta daidaita da duhun gefe. A 1972 aka yi 'yan ɗaruruwa don Leica M, shi ya sa yau sai a gidan gwanjo na manya.

Yadda Rasha da Japan suka shigo

Bayan yaƙin duniya na biyu Tarayyar Sobiyet ta kwashe kayan ƙera Contax ta kai masana'antar Arsenal a Kiev, kyamarar ta koma sunan garin. Biogon mai 35 na kafin yaƙi ya zama Jupiter-12, aka yi ta buga shi shekaru da dama, shi ya sa shi ne mafi arha a duk dangin nan. Sun yi Orion-15 mai 28 f/6 a tsarin Topogon, da Russar MR-2 mai 20 f/5.6, wanda shi kam nasu ne na gida ba kwaikwayo ba. Japan kuma Canon ta yi 28 f/3.5 a 1951, da 25 f/3.5, har zuwa 19 f/3.5 a 1964, Nikon ta yi 2.5cm f/4.

Harkar ta yi sanyi bayan SLR ta cinye kasuwa, sai a 1999 kamfanin Cosina na Japan da ya karɓi sunan Voigtländer ya fito da 15 f/4.5 tare da maleƙarsa a kwali ɗaya a farashin da talaka zai iya, da wata kyamara Bessa L wadda ba ta da maleƙa ko ma'aunin nisa kwata-kwata. Yawancin maleƙun da kake gani a hotunan matasa yanzu nasu ne.

Ido a nan, lensi a can

Aiki da su sai ka saba. Ka leƙa tagar kyamara ka saita fokas, ka ɗaga ido ka leƙa maleƙar sama ka tsara hoto, ka danna. Amma gaskiya masu amfani da su da yawa ba sa ma bi ta kan tagar farko, don lensi mai faɗi yana da zurfin fokas, mai 21 in ka sa shi a f/8 ka ajiye nisa a mita 2, daga wajen mita 1 har ƙarshen gani duk zai fito tas. Mai 50 a f/8 sai ka kai wajen mita 10 kafin ka samu irin haka. Shi ya sa Tessar na 1933 da Voigtländer na 1999 duk ba a ma haɗa su da ma'aunin nisa ba, da ido ake ƙiyasi. Garry Winogrand da ya shahara da hoton titunan New York da Leica da 28 ya fi aiki, sau da yawa da maleƙa a sama, kuma saurinsa daga nan yake.

Matsalar ita ce maleƙa na sama da lensi da kamar yatsu uku. Miƙa babban yatsanka ka rufe ido ɗaya, ka buɗe ka rufe ɗayan, za ka ga yatsan ya yi tsalle. Haka take tsakanin maleƙa da lensi. Daga nesa ba komai, amma a mita 1 sai ka ga ka yanke wa mutum hula ka ƙaro masa ƙirji. Wasu maleƙun na da ɗan layi na biyu a ƙasan na sama don kusa, wasu na da ɗan zobe a ƙafa da ke sunkuyar da su.

Wani abu kuma da ke ruɗa sabon shiga, ita maleƙar kanta tana lanƙwasa layi, sai ya ɗauka lensin ne, alhali hoton zai fito a miƙe. Sannan fuskar wanda ya tsaya a gefe a hoton taro da ke fitowa a baje kamar an ja ta, wannan ba laifin lensi ba ne, haka lissafin shimfiɗa fili mai faɗi a kan takarda yake, 0.5 ɗin wayarka ma na yi, amarya dai a sa ta a tsakiya. Sai kuskuren da kowa ya taɓa yi, ka ɗauki hoto biyar murfi na kan lensi, maleƙa na nuna maka komai lafiya lau.

Me ya haɗa su faɗa da dijital

Tunda ƙeyar lensin na dab da fim, hasken da ke zuwa kusurwa a kwance yake isowa, kamar hasken la'asar sakaliya. Fim bai damu ba, ta ko'ina haske ya zo ya karɓa. Sensa kuwa, wato abin da ke karɓar haske a madadin fim a kyamarar dijital, kowane ɗigo nata kamar 'yar rijiya ce da ɗan gilashi da launi a baki, hasken da ya zo a kwance wani ya bugi bango, wani ya zame rijiyar maƙwabci mai wani launin, shi ne shanshanbale ko koren da kake gani a gefe. Ga kuma gilashin kariya da ke kan sensa, wanda shi mai zanen 1954 bai sa a lissafinsa ba, hasken gefe in ya ratsa shi a karkace sai kusurwa ta dame kamar an shafa mata yatsa.

Leica ta san da wannan tun M8 ta 2006 da M9 ta 2009, ta siranta gilashin ƙasa da milimita 1, ta gusar da ƙananan gilasan gefe su fuskanci hasken, ta kuma sa wasu ɗigogi shida baƙi da fari a gindin lensi don kyamara ta gane shi ta gyara launi. A M8 ma sirantawar ta yi yawa har baƙin yadin roba na fitowa ja-ja, sai da suka raba wa masu ita filta. Da Sony A7 ta fito a 2013 mutane suka ruga da adafta suna murna, sai ga masu 21 da 15 sun ba da kunya, Cosina sai da ta sake zanen 15 ɗinta a karo na uku a 2015 don dijital. Sababbin sensa sun rage matsalar launi, amma damewar kusurwa na nan matuƙar gilashin na da kauri. Abin dariyar shi ne lensin SLR da aka raina a da, tunda suna nesa haskensu a tsaye yake zuwa, su suka fi zama lafiya da sensa.

Masu so da masu cewa ɓarnar kuɗi ce

Masu so na cewa ba lensin zamani da zai ba ka wannan ƙanƙanta da miƙaƙƙen layi ba tare da kwamfuta ta gyara ba, kuma duhun kusurwar ma yana jawo ido tsakiya. Masu ƙi na cewa f/4.5 ko f/5.6 a ɗakin taro da dare ai wahala ce, kuma sabon lensin China mai arha ya fi su kaifi a kusurwa. A ganina dukkansu na da gaskiya amma ba a kyamara ɗaya suke magana ba. A kan fim, musamman baƙi da fari, Biogon da Super-Angulon har yau ba su tsufa ba. A kan Sony ta aikin biki ko bidiyo kuwa ban ga dalilin da zai sa mai neman abinci ya zuba kuɗinsa a 21 na 1958 ba, in sha'awa ce ya fara da 35, su ba su cika rigima ba. Tsadar kuma ba duka ta inganci ba ce, wani kaso na ƙarancinsu ne da masu tarawa su ajiye a kabad.

In ka ƙudura sai ka saya

Fara da tambayar maleƙa. Ƙaramar aba ce, tana zamewa ta faɗi, shekara 60 ta raba da yawa da lensinsu, kuma ta asali ita kaɗai tana iya cin kuɗin wani lensin. In a fim za ka yi aiki kuma 28 ne ko ƙasa, lensi ba maleƙa rabin kaya ne, sai dai ba dole ta zama ta kamfani ɗaya ba, kowace mai lamba ɗaya za ta yi. In kuwa kyamararka marar madubi ce ta dijital ba ka buƙatarta sam, allo na nuna maka abin da lensi ya gani. Kuma in sensarka ƙarama ce irin ta yawancin Fujifilm ko Sony a6000, 21 ya koma kamar 32, maleƙar 21 ƙarya za ta rinƙa yi maka.

Sai baki. Akwai na Leica mai zare da ake ce wa M39, akwai M mai ƙugiya, kuma mai zare na hawa M da ɗan zobe mai kaurin milimita 1, don 28.8 ne da 27.8. Amma tsofaffin Zenit na Rasha masu madubi su ma zarensu 39 ne, haka lensin injin wanke hoto na tsofaffin situdiyo, za su ɗauru amma fokas ba zai zo ba. Contax da Kiev da Nikon S bakinsu kusan ɗaya, da ɗan bambancin fokas da zurfin masu faɗi ke rufewa. Ka kula da ƙeya, Jupiter-12 gilashinsa na baya a waje yake tsirara kamar ƙwai, ba ya shiga Contax IIa ta bayan yaƙi, Super-Angulon kuma na tare wa wasu Leica ma'aunin haske. Kada ka taɓa tura irinsu da ƙarfi. Akwai kuma jabu, kayan Rasha da aka goge aka zana musu sunan Zeiss ko Leica.

Ka ce a haska fitilar waya ta bayansa a turo maka hoto. Hazo a ciki, ko wasu zare-zare kamar saƙar gizo wanda fumfuna ce, ko launin bakan gizo a gefe da ke nuna gam ɗin da ya haɗa gilasai ya fara saki, duk suna rage kuɗi, na ƙarshen ma gyaransa sai ƙwararre. Na kafin yaƙi yawanci ba su da rufin hana ƙyalli, wanda Alexander Smakula ya ƙirƙiro a Zeiss a 1935, na farkon bayan yaƙi kuma wasu rufin nasu laushi gare shi. A nan wajenmu ƙurar hunturu ce abokiyar gaba, in ka goge da bakin riga kamar ka sa sanfefa ne, a fara hurewa da ɗan famfon roba tukun. Da damina kuma kada a bar shi a jakar fata, a sa shi a roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. In kuma kyamarar mai labulen ƙyalle ce irin Leica ko Zorki, kada ka ajiye ta tana kallon rana ba murfi, tunda ba madubin da zai tare, lensin na iya tattara ranar ya huda labulen kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi.